Buɗaɗɗiyar kwata, mai silab, bututu ko rami: wanne ne zai raba layinku da ambaliya?

Duk shekara labarin ɗaya ne, da zarar ruwan Agusta ya shiga ɗakunan mutane ya jiƙa katifu sai a kira taron gaggawa a ƙofar gidan mai unguwa, a yanka wa kowane gida kuɗin karo-karo, daga nan kuma sai musu ya ɓarke. Wannan ya ce a yi buɗaɗɗiyar kwata, wancan ya ce a'a a rufe ta da silab, wato murfin kankare, saboda yara, mai mota ya ce shi dai a binne bututu a huta, wani dattijo kuma daga gefe ya ce ku da kun bar kududdufin nan da kuka cike da bola da duk ba a zo nan ba. In kana cikin irin wannan kwamiti, ko kai kaɗai ne kake son gyara ƙofar gidanka, to zauna mu bi su ɗaya bayan ɗaya. Da Kano zan riƙa misali don ita na fi sani, amma lissafin zai yi wa na Katsina da na Zariya da na Maraɗi aiki.

Abu ɗaya tukuna. Ruwan da nake magana a kai shi ne ruwan sama da ya sauka a unguwa ya rasa hanyar fita. In madatsa ce ta ɓalle, irin ta Alau da ta cinye Maiduguri ranar 10 ga Satumba 2024, ko ta Bagauda a 1988, wannan babu kwatar da za ta tare shi ko da zinare aka gina ta. Wancan aikin gwamnati ne, namu na cikin layi ne.

Abin da za ka auna kowanne da shi

Na farko kuma babbansu: ina ruwan zai je? Kafin a sayi bulo ko ɗaya, ranar da aka yi ruwa kamar da bakin ƙwarya ka sa takalmin roba ka bi ruwan layinku da ƙafa har inda ya ƙare. In ya faɗa babban lambatu mai tafiya, alhamdu lillahi. In ka tarar babban lambatun ya fi layinku tudu, ko shi ma a cike yake taf, to duk kwatar da kuka gina wurin ajiye ruwa za ta zama, wani lokacin ma ita za ta janyo muku ruwan titi ya dawo da baya. Na ga layin da aka kashe kuɗi sosai aka yi kwata mai kyau hagu da dama, ƙarshenta kuma ta je ta tokare da katangar wani, ruwan farko aka gane kuren.

Na biyu, yawan ruwan. Mutane ba sa yarda da wannan sai an yi musu lissafi. Ruwan milimita 1 a kan fili mai mita ɗaya tsawo mita ɗaya faɗi, lita 1 ne. Fuloti mai ƙafa 50 da 50 ya kai murabba'in mita 232, to in aka yi ruwan milimita 50, wanda ba wani abin mamaki ba ne a watan Agusta, lita 11,600 ta sauka a gidanka kai kaɗai, jarka mai lita 25 sama da 460 kenan. Layi mai gida 20 haɗe da titinsa zai kai murabba'in mita 6,000, wato lita 300,000. In gidajen duk rufin kwano ne da daɓen siminti kusan kashi 80 cikin 100 waje zai fito, ka ga lita 240,000, ya fi tankar mai bakwai irin mai lita 33,000. Kuma Kano ruwanta na shekara, wajen milimita 800 zuwa 1,000, kusan duka tsakanin Yuni da Satumba yake zuba, ba rarraba shi ake yi a hankali ba. Sannan kar ka ƙirga layinku kawai, ka ƙirga layukan da ke sama da ku masu juyo muku nasu.

Na uku gangara. Kwata tana son aƙalla faɗuwar santimita 5 a kowace mita 10, wato rabin mita a mita 100. In ta gaza haka ruwa zai riƙa tafiyar hawainiya yana sauke yashi a hanya. Ba sai an ɗauko na'ura ba, birkilan da ya san aikinsa da farin tiyon lebul zai fitar maka da wannan, amma fa ka tsaya a kansa, don da yawa da ido suke yi.

Sai kuɗi, da ƙarko, da sauƙin yashewa, da haɗari. Kuɗi zan riƙa faɗa da buhun siminti da bulo, don naira ba ta zama wuri ɗaya, ka tambayi farashin ranar ka ninka da kanka. Sauƙin yashewa kuwa ni a wurina shi ne na biyu bayan mafita, kuma ga dalili: kwatar kankare mai faɗin santimita 60 da zurfin 60 a kan gangarar da na faɗa, in tana fes, za ta iya wuce da sama da lita 500 a daƙiƙa guda. In yashi da leda suka cinye rabin zurfinta, abin da ya rage bai fi kashi ɗaya cikin uku zuwa biyu cikin biyar na ƙarfinta ba, saboda wurin ya ragu kuma gudun ruwan ma ya ragu. Shi ya sa za ka ga ƙatuwar kwata tana amai a ruwan da bai taka kara ya karya ba.

Buɗaɗɗiyar kwata

Ita ce wadda kowa ya sani. Iri biyu ake yi, ta bulo da ta zubin kankare. Ta bulo mai inci 9, in jeri uku za a yi kowane gefe, kowace mita za ta ci bulo 13 zuwa 14, da kamar kashi biyu cikin uku na buhun siminti a daɓen ƙasa, ban da na ɗauri da na filasta da na cika ramukan bulon. Wannan cikawar ita ake yawan zamba a kanta, a bar bulo holoƙo, shekara biyu tifar yashi ta taka gefen ya rufta ciki. Ta kankare mai kaurin santimita 15 tana cin kusan buhu biyu a mita, ga rodi ga katakon kafinta, ta fi tsada nesa amma in an zuba ta da kyau sai a yi shekaru da yawa ba a waiwaye ta ba.

Wajen ɗaukar ruwa babu kamarta, don ruwan titi ta ko'ina yake faɗawa ciki, ba ya jiran wata ƙofa. Wajen yashewa ma haka, shebur da baro da samari biyar ranar Asabar an gama, kuma ido yana ganin inda ta toshe tun kafin hadari ya haɗo. Matsalarta ita ce duk unguwa ta mayar da ita bola. Ledar fiya wata, robar lemo, tokar murhu, sharar da yaro aka aika ya kai bola ya ga nisa, har da masu jiran a fara ruwa su fito da kwandon shara su juye wai ruwa ya tafi da ita. Tafi da ita ina? Kwalbatin farko za ta tsaya. Sannan kusan kowane gida ya saki wuriyar wanka da wanke-wanke a ciki, sai ta zama ba ta bushewa ko da rani, ga wari ga sauro, kuma sauro kwana 7 zuwa 10 ya ishe shi daga ƙwai ya tashi.

Haɗarinta na gaske shi ne lokacin da ruwa ya shafe titi da kwata suka zama ɗaya, ba ka gane inda ƙasa take. Yara da tsofaffi da masu babur su ne ke faɗawa. Duk kwatar da zurfinta ya wuce ƙugun babban mutum bai kamata a bar ta a buɗe a cikin unguwa ba, ko ba a rufe ba a yi mata ɗan bango a gefe.

Wani abin da ke kashe ta kuma shi ne mashigar gidaje. Kowa zai yi wa motarsa gada, wani ya zuba kankare ya sauko da shi har ya cinye rabin kwatar, wani ya jefa ɗan siririn bututu ya cike sauran da ƙasa. Kwata kuwa ƙarfinta daidai yake da wurin da ta fi matsewa. In za ku yi, ku yi yarjejeniya tun farko cewa mashigar kowa silab ce a sama, ba a taɓa cikin kwata.

Rufaffiyar kwata mai silab

Gininta ɗaya da ta farko, sai a ƙara murfi. Murfin kankare mai kaurin santimita 12 zuwa 15 zai ƙara maka kamar kashi uku cikin huɗu na buhu a kowace mita, da rodi mai milimita 12 in mota za ta taka, kuma bangon ma dole ya fi ƙarfi don shi zai ɗauki nauyin. Ka sa a ranka kuɗin zai ƙaru sosai a kan na buɗaɗɗiya.

Abin da take ba ka a fili yake, yaro ba zai faɗa ba, shara ta ragu, wari ya ragu, layi mai matsatsi ya samu wurin tafiya. A lungunan cikin birni inda faɗin hanyar bai fi a wuce da amalanke ba, gaskiya babu wani zaɓin da ya wuce ta. Ko gwamnati ma hanyar da ta bi kenan a aikin Wuju-Wuju da aka fara zamanin mulkin Kwankwaso na biyu, aka rufe kwarin Jakara da kankare aka ɗora titi a kai.

Amma a nan ne aka fi yin kuskure, kuma zan ɗan daɗe a kai. Akwai bambanci tsakanin silab da ake ɗagawa da kuma zubi ɗaya tun daga farkon layi har ƙarshe. Zubi ɗaya ya fi kyan gani, ya fi sauƙi ga ɗan kwangila, kuma kabari ne aka yi wa kwatar. Rufewa tana hana leda babba shiga amma ba ta hana yashi, yashi kuwa a garuruwanmu da yawancin layuka ba kwalta shi ne babban mai toshe kwata. Yana taruwa a hankali ba wanda ya gani, shekara uku huɗu sai a wayi gari ruwa yana bin saman silab kamar babu komai a ƙasa, in an tashi gyara kuma sai an fasa. Don haka in za a rufe, a yi silab guntu-guntu wanda mutum biyu ko uku za su iya ɗagawa da ƙarfe, ko kuma in zubi ɗaya ne a bar murfin da ake cirewa duk bayan mita 3 zuwa 5, daidai inda shebur mai doguwar ƙota zai kai daga nan da can.

Na biyu, ƙofar shigar ruwa. Sau nawa ka ga titi ya zama tafki alhali kwatar gefensa rabinta ma bai cika ba? Ruwan ne ya rasa ta inda zai shiga, 'yan ramukan da aka bari ƙanana ne kuma leda ɗaya ta isa ta liƙe su. A bar tazara tsakanin silab da silab, ko a yi ramuka a jikinsu. Ragar ƙarfe ta fi kyau amma kowa ya san ba ta kwana biyu 'yan jari-bola sun yi gaba da ita, ramin da ta bari kuma ya fi buɗaɗɗiyar kwata haɗari don ba wanda ya zata.

Na uku, kuma shi ne mafi muni: da zarar an rufe kwata sai mutane su ga fili. Yau tebur, gobe kes, jibi shago da bulo. Lokacin da ruwa ya shiga kasuwar Kantin Kwari a daminar 2022 ya lalata kayan miliyoyi, maganar da ta fi yawo ita ce gine-gine a kan magudanan ruwa. In kun san a layinku babu mai iya cewa wane ɗauke teburinka, ku yi tunani sau biyu kafin ku rufe.

Bututun ƙarƙashin ƙasa

Wato zoben kankare irin na kwalbati, ko baƙin bututun roba mai kauri, a binne a ƙasa, da ramin dubawa jefi-jefi. Shi ne tsarin da ake gani a manyan unguwannin Abuja da biranen Turai, shi ya sa yake burge mutane, titi tas ba ka ganin komai.

Ni dai ban cika ba wa unguwa shawararsa ba. Bututu mai faɗin santimita 60 bai kai kwata mai 60 da 60 ɗaukar ruwa ba, in ka koma mai 90 zai ɗauki kusan ninki uku na mai 60 amma kuɗinsa da nauyinsa da zurfin haƙansa duk sun tashi, sai an nemo abin ɗagawa. Yana son gangara daidai wa daida, yana son ramin dubawa a kowace kwana da kowace mahaɗa, yana son ɗan rami mai tare yashi a kowace mashiga kuma a riƙa kwashe shi. In ya toshe a tsakiya shebur ba ya kaiwa, sai motar da ke feshin ruwa mai ƙarfi ko a tona titi, kuma motar nan ba kowane gari ke da ita ba. Kar kuma a tura yaro cikin ramin dubawa da ya daɗe a rufe, iskar ciki tana iya kashe mutum kafin ya yi ihu.

Inda yake da amfani: tsallaka titi, ko unguwar da aka shimfiɗa mata kwalta ko intalok ko'ina babu yashi, kuma akwai masu kula da ita da ake biya. A tsallaka titi ma kar a sa ƙasa da mai 60, wannan ƙaramin farin bututun banɗaki da wasu ke binnewa asarar kuɗi ce kawai.

Titi ya zama shi ne kwatar

Wannan dabara a Nijar na fi ganinta, a Yamai da Maraɗi da Damagaram, hanyoyin pabe, abin da mu muke ce wa intalok. Ana shimfiɗa titin da ɗan kwari a tsakiya ko da dakali a gefe biyu, in an yi ruwa titin gaba ɗaya ya zama faffaɗar magudana mara zurfi, ruwa ya wuce cikin ɗan lokaci ya bar yashi a sama inda tsintsiya da shebur za su kai. Babu ramin faɗawa, babu wurin ɓoye shara, in wani wuri ya lotsa a cire duwatsun a gyara a mayar.

Tsadarsa ita ce duk faɗin titin za a yi, don haka ya fi ƙarfin karo-karon talakawa sai dai in layin gajere ne ko an samu hannun kansila ko wata ƙungiya. Kuma dole ƙofar kowane gida ta fi titin tudu sosai, in akwai gidajen da suka riga suka nutse ƙasa da titi to su za a juye wa ruwan. Ruwan wanka ma dole kowa ya yi masa rami a gida, in ba haka ba titin zai zama gansakuka da santsi. A wurin da ba gangara ba ya aiki ko kaɗan.

Rage ruwan tun daga gida: rami, tanki da barin ƙasa

Duk dabarun da muka ambata a baya kore ruwa suke yi zuwa ga na ƙasa da kai. Wannan kuwa riƙe shi yake. A haɗa indararo ko bututun rufi zuwa tanki, in ya cika ya zuba a ramin da zai tsotse. Rufi mai murabba'in mita 100 zai ba da lita 5,000 a ruwan milimita 50, ka ga tankin roba mai lita 2,000 tun ruwan bai yi rabi ba ya cika, kuma in jiya ya cika ba a yi amfani da shi ba yau bai tare komai ba. Rami mai mita 2 ta kowane gefe da zurfin mita 2, in an gina shi da bulo mai ƙofofi an bar cikinsa fayau zai ɗauki lita 8,000, in kuwa duwatsu aka cika masa kamar kashi ɗaya cikin uku na hakan kawai zai ɗauka.

Ƙasar wurin ita ce alƙali. Ka haƙa ɗan rami mai zurfin kamu biyu, ka cika shi da ruwa sau biyu, a na ukun ka duba. In ya shanye cikin awa ɗaya zuwa biyu kana da sa'a, irin jigawar Daura da Kazaure da Damagaram kenan. In ka dawo washegari ka tarar da shi, laka ce ko marmara mai tauri, kar ka ɓata kuɗinka. Haka in rijiyar gidanku tana cikowa har a ɗebo da hannu a watan Agusta, ramin zai cika daga ƙasa tun kafin na sama ya zo. A nisanta shi da tushen gini aƙalla mita 5, gidan ƙasa kuwa fiye da haka, don danshi shi ke kwantar da katanga cikin dare. Kar a haɗa shi da sokawen masai.

Mafi arha a nan shi ne kar ka daɓe tsakar gidanka gaba ɗaya. Yayin nan na malale ko'ina da siminti da tayil har ƙofar gida shi ya sa layin da kwatarsa ta ishe shi shekara 20 da suka wuce yau ba ta isa, wurin shan ruwan ne aka rufe.

Sai kududdufi. Kududdufan Kano ramukan da aka ɗebi ƙasar gini ne tun kaka da kakanni, kuma su ne suke shanye ruwan unguwanni kafin a bi su da bola a yanka fulotai. Kududdufi mai mita 50 da 50 in ruwansa ya ƙaru da mita ɗaya kacal ya riƙe lita miliyan biyu da rabi, ruwan layi goma irin wanda muka lissafa. Babu kwatar da karo-karo zai gina ta yi wannan aikin. Illarsa sananniya ce, yara na nutsewa, ga sauro ga ƙazanta, don haka yana son shinge da hana zuba shara da kuma hanyar da zai yi amai in ya cika. In unguwarku tana da shi har yanzu, kuɗin shinge ya fi kuɗin sabuwar kwata amfani.

| Zaɓi | Kuɗi | Ƙarko | Yashewa | Babban haɗari |
|---|---|---|---|---|
| Buɗaɗɗiya ta bulo | mafi sauƙi a cikin kwatoci | matsakaici, mota na rusa gefe | shebur da baro | faɗawa, shara, sauro |
| Buɗaɗɗiya ta kankare | ya fi na bulo sosai | mai kyau | shebur da baro | faɗawa, shara |
| Mai silab da ake ɗagawa | mai yawa | mai kyau in da rodi | sai an ɗaga, amma ana iyawa | a manta da ita, a yi gini a kai |
| Mai zubi ɗaya | mai yawa | ginin na daɗewa, aikin na mutuwa | sai an fasa | toshewar da ba a gani |
| Bututu | mafi tsada | mai kyau | sai mota ko tono | yashi, iskar rami |
| Titin pabe | mai yawa, duk titi ne | mai kyau, ana gyara shi guntu-guntu | tsintsiya da shebur | gidajen da ke ƙasa da titi |
| Rami da tanki | kaɗan, kowa da nasa | sai ana kwashe laka | da sauƙi | danshi a tushen gini |
| Kududdufi | shinge kawai | muddin ba a cike shi ba | sai katafila jefi-jefi | nutsewar yara |

To wa zai ɗauki wanne

In layinku mai faɗi ne, ba kwalta, kuɗin karo-karo ne, kuma akwai babban lambatu a ƙasa da ku: buɗaɗɗiya, a sa silab a ƙofofin gidaje da gaban makarantar allo da masallaci kawai. In kuɗi ya isa a yi kankare a gefen da motoci suka fi bi, bulo a ɗaya gefen. A fara gini daga mafita a hauro sama, don in kuɗi ya yanke a tsakiya abin da aka yi yana aiki. A ware wani abu daga kuɗin don gayya sau biyu, ɗaya a watan Mayu kafin ruwa ya sauka ɗaya a ƙarshen Yuli, kuma abin da aka yaso a kwashe shi ranar, don in an tara shi a bakin kwata ruwan farko zai mayar da shi.

In lungu ne matsattse ko gaban shaguna: mai silab guntu-guntu, da rubutacciyar yarjejeniya a gaban mai unguwa cewa ba mai kafa komai a kai. 'Yan'uwanmu na unguwar Nima a Ankara, babban birnin Gana, sun san abin da babbar kwata cike da shara ke jawowa, birnin ma bai manta da 3 ga Yunin 2015 ba, ranar da ambaliya ta haɗu da gobarar gidan mai mutum kusan 150 suka rasu.

In sabuwar unguwa ce da ba a kawo babban lambatu ba tukuna, kar ku yi gaggawar gina kwatar da ba ta da inda za ta zuba, faɗa kawai za ku saya da na ƙasa da ku. Kowa ya ɗaga daɓen gidansa sama da titi da kyau, don titin nan gaba ciko za a yi masa ya ƙara tudu, a gwada ƙasa a yi rami, a bar fili ɗaya mafi kwari kar a sayar.

In gidanka ne ya riga ya zauna a kwari, ko a kan tsohon kududdufi aka gina shi, gaskiya mai ɗaci ita ce ruwan yana zuwa inda ya saba ne. Dakali a ƙofa, toshe wuriya in an fara ruwa don kar ya shigo ta baya, ɗaga soket da kayan abinci sama, waɗannan za su rage asara. Sauran kuma sai kun haɗu da layukan sama da na ƙasa kun je wa hukumar tsara birni da ma'aikatar muhalli da takarda ɗaya, ku haɗa da hotunan ranar ruwa da alamar da ya bari a jikin bango, ku auna tsayinta da tef ku rubuta kwanan wata.

Bututu kuwa ku bar wa tsallaken titi da rukunin gidaje masu geti.